Baƙon Da Ya Roƙi Ruwa

Abokanmu Musulmi da muka hango a kujerun baya, sannunku da zuwa. Ba za mu faɗi abin da za mu ji kunyar maimaitawa a gabanku ba.

An roƙe mu mu yi magana a kan yadda mai bi zai ba da shaidar bangaskiyarsa ga mutanen da bai sani ba, irin waɗanda yakan gamu da su a mota, ko a kasuwa, ko a bakin teburin ofis. Mun ga ya fi kyau mu ɗauki wuri guda da muka sani, watau Mashi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ba nisa da iyakar Nijar. Can aka fara tura mu aiki, mu biyu. Kusan duk wanda muka gaisa da shi a garin Musulmi ne. Saboda haka sai mu gyara tambayar tun daga tushe, gama a Mashi mu ne baƙin, su kuwa masu gari.

Kowane ɗan makaranta ya san labarin Daura. Baƙo ya iso da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu, domin macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a. Mu bar wa masana tarihi gardamar Bayajidda. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, labarin da ake jingina asalin Hausa Bakwai gare shi ya soma ne da baƙo mai ƙishirwa. To, ku buɗe Linjilar Yohanna, sura ta 4. Yesu ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu a ƙasar Samariya da tsakar rana, ba shi da guga, ya roƙi wata mace ta sam masa ruwa, alhali Yahudawa ba su cuɗanya da Samariyawa. Sai da mamaki ya sa ta yi tambaya, sa'an nan maganar ruwan rai ta fito. Mu kuwa mun saba da isa gari da amsoshi cike da aljihu, ba mu jiran a tambaye mu, ba mu kuma yarda a gan mu da bukatar kome.

Waɗanda suka riga mu sun ɗanɗana sakamakon wannan hali. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, ba su yi wani zama ba. Miller ya yi shekaru a birnin Zariya kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito dukansa da Hausa a 1932. A ƙasar Katsina, ƙofa ta buɗe sosai a 1937, sa'ad da aka danƙa wa mishan ta SIM asibitin kutare na Babbar Ruga. Ba mu rena aikin da suka yi ba, sun wanke miyakun da mutane da yawa suke ƙyama. Amma wajibi ne mu faɗi gaskiya: majinyacin da maganinsa ke hannunka ba shi da cikakken ikon ce maka a'a. Daga irin wannan ne wani zato ya zauna a zukatan jama'a, cewa alherin Kirista ƙugiya ce da aka lulluɓe da nama. Wannan zato muka tarar, ba kuwa gardama ce za ta kawar da shi ba.

Gardama ma tana da tsada. A watan Maris na 1987, wani wa'azi a taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya jawo faɗa, wutar ta bi ta Kaduna da Zariya da Funtuwa har Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka. Ba mu ce magana ta halatta ƙone-ƙone ba, ko kusa. Amma ɗalibin da ya ɗauki littafin wani yana fassara masa shi a gaban jama'a, ya tuna akwai 'yan'uwansa a ƙauyuka da ba su da katanga sai mutuncin maƙwabtansu.

Ga ku ma'aikata, muna da gargaɗi guda, mun kuwa koye shi da kunya. Ɗayanmu ya taɓa cusa 'yar takardar bishara cikin takardun wani dattijo da ya zo neman a sa masa hannu. Dattijon bai ce kome ba. Kashegari ya aiko ɗansa da takardar, a naɗe cikin tsabta, da saƙon cewa an yi mantuwa. Teburin nan na jama'a ne, da harajinsu aka saye shi. Shaidar da ta halatta a kansa ita ce a zo aiki da wuri, a sallami talaka ba tare da an ce ya dawo gobe ba, a kuma ƙi karɓar na goro. In wani ya ga haka ya tambayi dalili, a gaya masa gaskiya a taƙaice, da sunan Almasihu a ciki, kada tsoro ya sa a ɓoye shi.

Wata rana da bazara motarmu ta lalace tsakanin Mashi da Daura. Azahar ta yi, fasinjoji suka jeru don salla, mu muka zauna a gindin gawo muna tsaron kaya. Goran ruwanmu ya ƙare tun da hantsi. Da suka idar, muka dubi wani tsoho mai buta, muka ce, "Baba, a taimaka mana da ruwa." Ya miƙo, ya zuba mana ido har muka sha, kana ya ce, "Samari, ban ga kun yi salla ba, ga shi kuwa Hausarku ta gida ce."

Muka ce mu Masihiyawa ne, Hausawa masu bin Almasihu, wanda su suke kira Annabi Isa. Ya ce ya sha jin labarin irinmu, amma bai taɓa zama da ko ɗaya ba. Ya tambaya ko muna azumi, ko muna yi wa iyaye biyayya, da kuma abin da muke cewa a kan gicciye. Muka amsa gwargwadon saninmu, muka ce mun gaskata Yesu ya mutu domin zunubanmu, ya kuma tashi. Ya girgiza kai, ya ce a nan kam mun rabu, ya gaya mana abin da shi ya gaskata, muka saurara har ya gama. Da aka gyara mota, ya sauka a wani ƙauye kafin Daura, ya faɗa mana sunan unguwarsu, ya ce in aiki ya kawo mu kada mu wuce ba mu sha fura ba. Bayan girbi muka je. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya aika a kira ƙanensa, wai shi ma yana da tambaya.