Ajalin Ƙwayar Halitta da Maganin Ciwon Barci

A shekarun 1930, ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙasar Anchau ta lardin Zazzau, har hukuma ta gina wa mutane sabon gari, aka raɗa masa suna Takalafiya. Magungunan wancan zamani kuwa masu dafi ne, wani lokaci sukan makantar da majiyyaci. Bayan kimanin shekara hamsin aka samu wani da ya fi su sauƙi, kuma daga binciken ƙwayoyin halittar jiki ya fito.

Ƙwayar halitta tana da ajalinta. Idan ta lalace, ko aikinta ya ƙare, takan kashe kanta cikin tsari, maƙwabtanta su share gawar. Ta haka yatsun ɗan tayi ke rabuwa a ciki. Masana uku a Jami'ar Aberdeen, watau Kerr da Wyllie da Currie, su ne suka bayyana wannan tsari a 1972. Ƙwayar da ta ƙi mutuwa, ta yi ta hayayyafa, ita ke zama sankara.

Cikin abubuwan da ke riƙe da wannan ma'auni akwai sinadaran da ake kira foliyamin. Ƙwaya ba ta iya rabuwa biyu sai da su. Idan suka ƙaranta, girmanta ya tsaya. Idan suka yi yawa kuma, wajen narkar da su ake samun guba mai ingiza ta ga mutuwa.

Wannan ya sa masana a Strasbourg ta ƙasar Faransa suka haɗa maganin eflornithine a shekarun 1970, don hana sankara ƙera foliyamin. Bai yi abin kirki ba a lokacin. Amma a 1980 Cyrus Bacchi, a birnin New York, ya gwada shi kan ɓeraye masu ƙwayar ciwon barci, suka warke. Dalili kuwa, jikin ɗan Adam yana saurin sabunta sinadarin da maganin ke toshewa, ita kuwa ƙwayar cutar ba ta iyawa, sai ta kasa hayayyafa.

An amince da shi a Amurka a 1990, bayan an ga majiyyatan da suka yi dogon suma sun farfaɗo. A Disamban 2023 kuma aka yarda a ba da shi ga masu wata sankarar jijiya da ta fi kama yara, watau irin aikin da aka nufe shi da shi tun farko.