Gyaran Gida Kafin Saukar Damina

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da kewaye.



Kowace shekara in watan Agusta ya raba tsakiya, labari iri ɗaya ne ke zuwa ƙofar hakimi daga wajen dagatai. Ɗaki ya faɗi a gari kaza, katanga ta danne awaki a unguwa kaza, wani lokaci kuwa abin ya fi haka muni, soro ya rufta wa mace da 'ya'yanta cikin dare suna barci. Malamin hakimi ya rubuta, a aika da jaje, a ce ruwa ya yi gyara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja da ita. Amma in an bi sawun yawancin waɗannan ɗakuna, sai a tarar sun daɗe suna kuka tun rani, ba a saurare su ba. Aikin da zai tsai da su kuwa bai fi ƙarfin maigida da 'ya'yansa ba, bai kuma fi na kwana uku ko huɗu ba. Abin da ya gagara shi ne a yi shi cikin lokacinsa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafar kudancin Katsina a fili ya ke. Funtuwa da kewayenta su kan sami ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, watau kamar inci 40, ko fiye, alhali birnin Katsina da Daura ba su cika wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba. Sa'an nan ƙasar nan laka ce, ba jigawa ba. Laka ta kan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, tana kuwa yin haka da gini a kanta. Ruwan da ya sa masara da auduga su ke albarka a nan, shi ne ke cin gidajen masu noma su. Saboda haka ginin da zai shekara uku a arewa ba a taɓa shi ba, a nan sai an duba shi kowace shekara.

Manomi kuwa ba shi da damina. Da ruwan shuka ya sauka, shi da duk mai hannu a gidansa sun koma gona, ba mai waiwayar bango sai an gama maimai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta zama abin sayarwa, kuɗin mutanen ƙasar nan da kaka su ke shigowa, har yau kuwa haka ne, ko da ya ke masara da waken suya sun karɓi gaba. Kuɗin kaka ba ya jimawa a hannu. Akwai biki, akwai bashin taki, akwai sutura. In an ce a bar gyara sai bazara, watan Afrilu zai zo ya tarar ba kuɗi, kududdufi kuma ya ƙafe, ruwan sha ma sai an saya, balle na kwaɓa ƙasa. Lokacin gyara shi ne Janairu da Fabrairu, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, akwai sauran kuɗi, akwai sauran ruwa a tafki. Hakimin da ya sa aka yi shela a kasuwannin ƙasarsa cikin waɗannan watanni ya yi rabin aikin.

Gini daga gindi ya ke mutuwa, nan kuwa ne ba a cika dubawa ba. Ruwan da ke zuba daga indararo ko bakin kwano ya kan daki ƙasa ya fantsamo, ya riƙa gwaguyar bango kamar ƙafa ɗaya ko biyu daga ƙasa. Fitsarin dabbobin da a ke ɗaurewa jikin katanga, da ruwan wanka da ke kwanciya a lungu, su kuma suna tasowa cikin bango da gishirinsu, har ƙasar ta zama gari, a taɓa ta zube. Bangon da ya ke kamu biyu a sama, a ƙasa ya koma kamu ɗaya, yana ɗauke da nauyin soro duka. Maganinsa shi ne a kankare abin da ya ruɓe har a iske ƙasa mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a cike da sabuwar ƙasa kaɗan kaɗan, a bar kowane sawu ya sha iska kafin a ƙara wani. Wanda ya cike ramin gaba ɗaya a yini guda, zai ga abin ya tsage ya rabu da bango. Bayan wannan a tayar da ɗan dakali jikin ginin, mai gangare zuwa waje, a zuba duwatsu ko fasassun tukwane daidai inda indararo ke zuba. Turken akuya kuwa a matsar da shi.

Ƙasar yaɓe ita ma tana da ladabinta, wanda samari su ka fara mantawa. Ba a haƙo ta yau a yaɓa yau. A kan jiƙa ta, a zuba ramno, a tattake, a bar ta ta kwana da yawa tana ruɓa, ana juyawa, sa'an nan ta yi danƙo. Magina na dā su kan bi bayan yaɓe da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. A kan soraye kuwa su kan shafa laso, wanda a ke haɗawa da katsi na karofi da gashin majema da ruwan dafara. Karofi sun ragu, katsi ya yi wuya, amma ɗorawa tana nan a gonakin Bakori da Malumfashi, ɓawonta kuwa zubar da shi a ke yi. Ya kamata Sarkin Magina na kowane gari, inda akwai shi, a neme shi ya nuna wa yara yadda a ke yi tun yana da rai.

Kada wani ya ce ginin ƙasa abin raini ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a birnin Katsina shekaru ɗaruruwa. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, na ƙasa ne, yana nan an mai da shi gidan tarihi. A ƙasar Mali, babban masallacin Jenne, wanda aka sāke ginawa a 1907, mutanen gari ne ke fita kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe shi. Ba wata ƙasa ta dabam aka yi su da ita ba. Hannu ne ba ya barinsu.

Soro kuwa, abu biyu ke kashe shi, toshewar indararo da nauyi. Na farko sananne ne. Ganye da leda da sheƙar tsuntsu su cushe bakin indararo, ruwa ya kwanta a bisa, ya sami tsaga ya bi. Yaro ɗaya da tsintsiya ya isa wannan, in an hau kafin ruwan fari, a kuma sāke hawa bayansa. Na biyu shi ne wanda ya fi cin rai, domin mai kula ne ya ke jawo shi da hannunsa. Bana ɗaki ya yi yoyo, a hau a ƙara ƙasa. Baɗi ma haka. Bayan shekara goma, azarar da aka shimfiɗa don ta ɗauki kamu ɗaya na ƙasa tana ɗauke da biyu, in kuma marka ta zauna kwana uku ƙasar ta sha ruwa, nauyin ya daɗa ƙaruwa. Azara ba ta son a ba ta fiye da kamar ƙafa shida ba tokari, shi ya sa magina ke jera ta hawa hawa. Lalle ne mai gyaran soro ya kankare tsohuwar ƙasa gwargwadon sabuwar da zai sa, ya kuma gyara gangaren ya nufi indararo. Kafin ya hau, ya shiga ɗakin ya ɗaga kai. In azara ta yi ciki, ko gari yana zubowa daga jikinta, ko an soka wuƙa ta shige ba wuya, gara ta riga ta gama da ita. Wannan ya wuce aikin maigida. A kwashe mutane daga ɗakin, a kira magini.

Yanzu sai maganar siminti, wadda ita ce ta fi wuyar faɗa, domin mutane sun ba da gaskiya gare shi ƙwarai. Mutum ya sayar da masara, ya sayi buhu biyar, ya shafe ginin ƙasa da siminti, ya ce ya huta da yaɓe har abada. Bai huta ba. Siminti da ƙasa ba su kama juna, kowanne da irin motsinsa cikin zafi da sanyi. Shekara biyu ko uku sai shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna yana jiƙa bango daga ciki, gara kuma ta sami inuwa. Daga waje gida fes, ciki kuwa ya zama kunu. Bangon da aka yaɓe da ƙasa, in ya lalace kowa na gani. Wanda aka shafe da siminti ba ya nunawa sai ran da zai faɗi. Mai irin wannan gida ya riƙa ƙwanƙwasa bangon da sanda kowane rani. Inda ya ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu, a fasa wurin a duba. Wanda kuma ya nace sai ya shafa, ya kafa ƙusoshi ko tsakuwa a jikin bangon, ko ya ɗaura wayar kaji, don simintin ya sami abin riƙo, ya kuma yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai, balle cikin hunturu da iska ke busar da shi tun bai kama ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Kuɗin da za a zuba a shafe bango duka, in an sa kaɗan daga cikinsa a dakalin gindi da bakin indararo, ya fi amfani nesa.

Rufin kwano ya raba mutane da yawa da yoyo, ba a musu. Laifinsa na masu bugawa ne. A kan rage kwano don tsimi, bakinsa ya tsaya daf da bango, ruwa ya riƙa wanke shi. A bar masa baki ya fito kamar ƙafa biyu. Ƙusa a kan tudun kwano a ke buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Katako a shafe shi da baƙin mai kafin a ɗora, saboda gara. Iskar hadarin fari ta Afrilu da Mayu kuwa ba ta jin nauyin duwatsun da a ke jerawa a bisa. Abin da ke riƙe rufi shi ne a ɗaure katakon da langalanga ko waya mai kauri, a nutsar da ita cikin bango sosai.

Akwai gyaran da maigida ba ya iya yi shi kaɗai, ko yana so, nan ne kuwa sarauta ke shiga. Indararon wani yana zuba a gindin katangar wani. Wani ya tayar da ƙofar gidansa da ƙasa, ruwan unguwa ya koma gidan maƙwabcinsa. Wani ya haƙa masai jikin bangon da ba nasa ba, ko kusa da rijiya, alhali ya kamata a bar tsakaninsu kamar mita 30. Lambatu ya cika da leda, kowa na jiran wani. Shari'a ta hana cutar da maƙwabci, kowa ya sani, amma irin wannan ƙara ba ta zuwa gaban hakimi sai bango ya riga ya faɗi, zukata sun ɓaci. In mai unguwa ya zaga da rani, shi da dattawa biyu, su bi hanyar da ruwa ke bi daga tudu har kududdufi, yawancin wannan rigima da fartanya za a kashe ta.

Aikin malamin hakimi a nan ba mai yawa ba ne, amma ba mai yinsa sai shi. Ya buɗe shafi ga kowane dagaci, ya rubuta ɗakunan da aka ga alamar haɗari a cikinsu, da sunan maigida, da ranar da aka gani. Tsaga ba duka ke da tsoro ba. Hanyar ganewa ita ce a shafa 'yar ƙasa sirara a kanta, a rubuta ranar, a komo bayan wata guda. In shafen na nan lafiya, tsagar ta tsaya, a cike ta. In ya sāke buɗewa, ko tsagar ta fi faɗi a sama, ko ƙofa ta fara cijewa, ginin tafiya ya ke yi, kada a kwana a ciki da damina.

A cikin wannan littafi a keɓe wuri ga gidajen da ba mai hawa soronsu, watau na gwauraye mata, da tsofaffi, da waɗanda mazansu su ka tafi cin rani. A shekarun nan kuma rashin zaman lafiya a wajajen Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara ya koro mutane da yawa cikin garuruwa, an saukar da su a tsofaffin ɗakunan da aka daɗe ba a kwana a ciki ba, mutum goma a ɗakin mutum uku. Baƙo ba ya cewa a gyara masa ɗakin aro, kunya ba ta barinsa. Waɗannan su ne za a fara rubutawa, su ne kuma dagaci zai fara kai wa samarin gayya, ran da ba kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu.