Yadda aji ɗaya ya ci mana damana biyu

An ce in yi magana a kan yadda ake tafiyar da aiki, abin da ƴan boko ke ce ma furoje. Bari in faɗa muku tun da fari, ni ban karanta wannan a jami'a ba. Abin da na sani a jikina na ji shi, kuma da kuɗin mutane na koye shi, abin da har yau nake jin nauyinsa.

Kun tuna watan Nuwamba na 2021, da gobara ta tashi a azuzuwan zana nan Maradi ta kashe yara sama da 20. A watan Afrilu na shekarar an yi irinta a Yamai. Bayan haka fadarmu ta zauna. Makarantar unguwarmu tana da aji biyu na zana, ƙannenmu na ciki. Muka ce wallahi sai mun gina ɗaya da bulo. Muka shiga gida gida, na Agadas da na Abijan suka turo nasu, cikin ƴan makonni muka haɗa miliyan ɗaya da jika 200. Daren nan shayi ya yi daɗi, a ganinmu aiki ya ƙare. Ashe ko farawa bai yi ba.

Kuskurenmu na farko, ba mu taɓa zama mun tambayi juna mi ake nufi da "an gama" ba. Ni a kaina bango ne da rufi. Daraktan makaranta shi a kansa har da tebura, allo, ƙofa da tagogi. Ana cikin tono wani dattijo ya ce ai sai an yi baranda, wani ya ce tun da an fara a haɗa da makewayi. Duk maganganu ne masu kyau, amma kuɗin guda ne. Yau in za ni fara aiki, takarda ɗaya nake ɗauka in rubuta: aji ɗaya, mita 9 a kan 7, rufin kwano, ƙofa ɗaya, tagogi huɗu, allo. A ƙasa in rubuta abin da ba ya ciki: ba baranda, ba makewayi, ba fenti. Wannan layin na ƙasa shi ke hana rigima. Kuma a kai takardar wurin masu abin tun kafin a sari ƙasa: darakta, kwamitin makaranta da ake ce ma COGES, iyaye mata, da ofishin magajin gari. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Mu sai da muka yi tono aka ce mana wurin hanyar ruwa ce.

Na biyu, wanda ya fi cin mu, shi ne jerin aiki. Mi ke zuwa kafin mi? Mun ji an ce kwano zai yi tsada, muka ruga muka saye shi gaba ɗaya. Kwano ya kwanta a zaure wata da watanni, siminti kuma babu kuɗinsa. Kun ga, mun sayi hula ba mu da kai.

Akwai wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, wanda sama da shekara 100 da suka wuce ya yaɗa wata dabara mai sauƙi. Har yau manyan kamfanoni da ita suke aiki, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Ku ɗauki kaye da bik. A gefen hagu ku jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya: izini, kawo rairai da tsakuwa, buga bulo, tono, harsashi, bango, rufi, shafe, daɓe. A sama ku jera makonni. Kowane aiki ku ja masa layi daga makon da zai fara zuwa makon da zai ƙare. Da kun gama za ku ga abu biyu. Wasu ayyuka suna iya tafiya tare: mai walda na iya haɗa ƙofa, kafinta na iya yin tebura, alhali magini yana kan bango. Wasu kuwa sarƙa ce, ba a yin na gaba sai na baya ya kammala. Ba bango sai da bulo, ba rufi sai da bango. Wannan sarƙar ita ce ke yanke ranar gamawa. In tebura suka makara da mako ɗaya ba komai. In bulo ya makara da mako ɗaya, komai ya makara.

Kuma akwai abin da yawan hannu ba ya gajarta shi. Bulo sai an shayar da shi kwanaki ya bushe. Kankare yana ɗaukar wajen kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ko samari ɗari kuka tara, siminti ba ya jin kiɗan gayya.

A kan wannan kayen ne za ku aza kalandar garinmu, ba ta littafi ba. Damana daga Yuni zuwa Satumba. Azumi, da ba wanda zai kwaɓa siminti da tsakar rana. Sallah biyu, da kowa kuɗinsa ke tafiya wani wuri. Jarabawar BEPC da BAC, da ke kwashe rabin matasanku. Mu mun buga bulo a ƙarshen Mayu. Ruwa ya sauka, motar rairai ta daina shiga unguwa, masu ƙarfin cikinmu suka tafi gona. Aikin da ya kamata a yi shi tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da iska ke da sanyi kuma hannu ke da kuɗin kaka.

Abu na gaba gajere ne: kowane aiki suna ɗaya, rana ɗaya. In an ce "za mu nemo mota", ba wanda zai nemo. A ce wane zai nemo, ranar Laraba. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma ma in ba mai cewa a ɗaga, jinka a ƙasa take kwana. Iyayenmu da suka yi samariya zamanin Seyni Kountché, ku tambaye su, ba su fita aikin gayya ba tare da sarkin samari ba.

To, sai maganar kuɗi, nan zan ɗan jima. Ma'ajinmu abokina ne tun muna yara, kuma har gobe ina rantsuwa bai ci ko dala ba. Amma kuɗin suna hannunsa shi kaɗai, lissafin yana kansa. Mahaifiyar wani daga cikinmu ta kwanta asibiti, aka zo masa da dare, ya ba da rancen jika 60. Wa zai hana? Sai dai bai rubuta ba, bai faɗa ba. Ranar da aka zo sayen siminti kuɗi suka gaza, magana ta fita unguwa cewa yaran nan sun cinye kuɗin makaranta. Mutanen da suka ba mu jika ɗaya ɗaya daga cinikin ƙosai suka daina gaishe mu. Shi kuma ya bar fada, wata takwas ba mu sha shayi tare ba. Mu muka cuce shi, da muka bar shi ba shi da takardar da za ta wanke shi.

Ga abin da muke yi yanzu. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kuma ba a fitar da ko dala sai mutum biyu sun sa hannu. Duk abin da aka saya a karɓo resi, in mai kaya ba shi da shi a rubuta a kaye ya sa hannu. Kowace Juma'a a ɗauki hoton shafin a saka a zauren WhatsApp: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuɗin aiki ba a rance da su, in ana son taimakon juna a buɗe asusu daban. Magini a biya shi mataki mataki, harsashi ya kammala a biya, bango ya kai a biya. Mu mun ba namu rabin kuɗinsa tun ranar farko, ya samu wani babban gini a wani gari, sai waya. Sannan a ware kashi ɗaya cikin goma a manta da shi, don abin da ba a zata ba. Zai zo.

Zaurenmu na WhatsApp kuwa, Allah ya yafe mana, muryoyi ne ɗari ɗari. An yanke shawara a murya ta minti bakwai, bayan wata guda kowa da abin da ya ji. Abin da aka tsayar a rubuta shi, layi biyu sun isa. A haɗu sau ɗaya a mako, minti 15, a tsaye, kafin a ɗora shayi. Kowa ya faɗi abin da ya yi, abin da zai yi, da abin da ya tare masa hanya. Wanda ya kawo mugun labari da wuri a gode masa, don in an zage shi gobe ɓoyewa zai yi.

In abu ya lalace, kuma zai lalace, abubuwa uku ne kawai a hannunku: lokaci, kuɗi, da girman aikin. Ko a ƙara kwanaki, ko a ƙaro kuɗi, ko a rage abin da za a yi. Mu wata shida muna ƙin zaɓar ko ɗaya, muna ce ma mutane saura kaɗan. Ranar da muka tara iyaye muka buɗe kaye muka ce ga inda muka yi kuskure, an cire baranda, ga abin da ya rage, a ranar wata Hajiya ta ce ta ɗauki nauyin tagogi.

Ajin ya tsaya, yara suna ciki. Amma mun yi alkawarin kafin a koma makaranta a Oktoba, sai Oktoba ta gaba muka miƙa makulli. Shekara guda cur ƙannenmu suka ƙara a cikin zana, muna ji muna gani, kuma duk ranar da iska ta taso gabana faɗuwa yake.

Yanzu za a raba muku takardu. Ku zauna biyar biyar, kowane rukuni ya ɗauki aiki ɗaya da yake son yi a unguwarsu, yashe magudanar ruwa ne, gyaran famfo ne, dashen itatuwa ne. Ku rubuta mini mi ake nufi da an gama, a ƙasa ku rubuta abin da ba ya ciki. Minti goma, sannan in zagayo.