Cibiya Takwas, Aiki Ɗaya: Kompaila da Rabon Aiki a Firosesa

Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da ake sayarwa a kasuwar Talata Mafara suna ɗauke da firosesa mai cibiya takwas, wato injinan lissafi takwas a kan guntun siliki ɗaya. Zafi ne ya haifar da wannan tsari. A da, kamfanoni kan ƙara wa firosesa sauri ta hanyar ƙara yawan bugunta a daƙiƙa, amma da aka doshi gigahaz 4 sai wutar da take ci da zafin da take fitarwa suka gagari sanyayawa. IBM ta fito da POWER4 mai cibiya biyu a 2001, Intel da AMD suka bi sahu a 2005.

Sai dai manhajar da aka rubuta umarni bayan umarni, cibiya ɗaya take sa wa aiki, saura suna zaune. A nan ne ake duban kompaila, manhajar da ke mayar da rubutun mai shirya manhaja zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Ba ta raba aiki sai ta tabbatar wani sashe bai dogara da sakamakon wani ba.

A ɗauki manhajar da za ta lissafa ruwan da kowace gona ke buƙata a noman rani na madatsar Bakolori, wanda ya haɗa Mafara da Bakura da Maradun. Lissafin gona ɗaya bai shafi na maƙwabciyarta ba, don haka ana iya raba gonakin tsakanin cibiyoyi takwas. Matsalar tana wajen tara jimla. Cibiya biyu za su iya karanta jimla ɗaya a lokaci guda, kowacce ta ƙara nata, ta ƙarshe ta rubuta a kan na ta farko, lissafin gona guda ya ɓace. Mafi muni, kuskuren yakan bayyana yau, gobe ya ɓuya. A harshen shirya manhaja na C kuma sunaye biyu na iya nuni ga wuri ɗaya a ma'adana, kompaila ta kasa rarrabewa, ta bar aikin a jere don gudun ɓarna.

Shi ya sa harsuna suka ɗora wa mai rubutu wani ɓangare na nauyin. OpenMP, wanda ya fito a 1997 don Fortran, a 1998 don C da C++, yana ba shi damar sa layi ɗaya a kan umarnin maimaitawa: a raba wannan, kowace cibiya ta tara nata, a haɗa daga ƙarshe. Go, da Google ta fitar a 2009, ya fi son ƙananan ayyuka su riƙa aika wa juna saƙo. Rust, daga 2015, ya fi tsauri: kompailarsa takan ƙi rubutun da zai bar ayyuka biyu su canza abu ɗaya ba tare da kariya ba. Tsaurin yana da wahalar koyo, amma gara a kama kuskure tun a teburin rubutu.

Akwai iyakar da Gene Amdahl ya bayyana a 1967. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, cibiya takwas ba za su ninka sauri fiye da sau 4.7 ba, ko cibiya dubu ce ba za a wuce sau 10 ba. Kamar gayya ce da masu girbi ɗari, amma amalanke ɗaya ke kwashe dammuna.

Ya dace ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau su fara auna wannan da hannunsu tun shekarar farko, musamman masu koyon Python. Sigarsa da aka fi amfani da ita tana da makulli da ke hana zare biyu, wato layukan aiki biyu a cikin manhaja ɗaya, gudanar da umarninsa a lokaci guda, sai dai a buɗe masa ayyuka daban-daban. A 2024 ne Python 3.13 ya kawo sigar gwaji marar wannan makulli.