Ciwon Sukari: Ba Hana Baba Ci Ne Magani Ba, Awo Ne

(Jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya ya gabatar a zaman matasa bayan sallar Isha'i.)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, 'yan'uwa, an ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan ciwon sukari. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan matashi da ciwon dattawa? To da ruwanka. Kai ake aika cefane, kai kake kai Baba asibiti, kai kake dawo masa da ƙunshin walima. Kuma ciwon yana bin dangi. In Baba yana da shi, kai ma ba ka tsira ba.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, nau'i na biyu ke damunsu. Jiki yana da wani sinadari, insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. A nau'i na biyu jiki ya daina jin maganar insulin ɗin yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini, a hankali yana cin ido, da ƙoda, da jijiyoyin ƙafa.

Kuskurenmu na farko, mun ɗauka sukari shi ne wanda mai shayi ke zubawa kawai. Alhali tuwon shinkafa, da burodi, da garin rogo, da taliya, duk sukari suke komawa in sun shiga ciki. Alkamar da ake ta cewa abincin masu ciwon ce, ita ma haka. Acha ma in an cika kwano sai ta ɗaga. Zuma kuwa, duk da albarkarta, sukari ce.

Kuskure na biyu ya fi ba ni tausayi. An taɓa kawo mana wani dattijo ya rame ƙwarai. 'Ya'yansa, saboda so, sun hana shi komai sai wake safe da dare. Amma duk awon da aka yi sai a ga sukari a sama. Da na zauna da shi mu biyu, sai ya ce, "Yaro, kullum da la'asar nake aiken jikana ya sayo mini lemo, in sha a zaure." Kun ga inda tsanani ya kai su.

Yaya za a yi? Ka raba farantin Baba gida huɗu. Gida biyu ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa. Gida ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko awara, ko nama. Gida ɗayan da ya rage shi ne na tuwo, kamar girman dunƙulen hannunsa. Wato miya ta rinjayi tuwo, saɓanin yadda muka saba. Fura da nono a dama kaɗan, ba sukari. Sannan tafiyar ƙafa, minti 30 a rana, kwana biyar a mako.

Yanzu maganar ɗan zaƙi. Ranar Sallah ko biki, ga alkaki ga nakiya, Baba zai zauna yana kallo ne? A'a. In awonsa yana tafiya daidai, ya ɗauki ƙaramin yanki guda, bayan ya ci abinci, ba da yunwa ba. A rage masa tuwon wannan zaman, ya taka bayan ya ci, in akwai na'urar awo a gida a duba bayan awa biyu. Amma lemon kwalba ban yarda da shi ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da baligi zai ƙara a abinci da sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalba ɗaya mai santilita 50 takan kai cokali 12 ita kaɗai. Wannan awon na mai lafiya ne ma. Ku da kuke zaman shayi har tsakar dare, ku ƙirga naku.

Akwai wuri ɗaya da sukari ke zama magani. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, sukarinsa yana iya faɗuwa. In ka ga yana karkarwa, gumi na keto masa, magana ta fara sarƙewa, kuma yana iya haɗiya, ka jiƙa ƙaramin cokali huɗu na sukari ka ba shi nan take. In ya suma kada ka ɗura masa komai, sai asibiti. Kuma kada a ajiye maganin likita wai don an gyara abinci, ko don an sami jiƙo.

Batun azumi, a ga likita tun kafin Ramadan ya kama, don yakan sauya lokacin shan magani. A buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, ba a zauna gaban kwanon kunu mai sukari ba. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, likitoci sun ce a karya, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Duk wanda yake yawan fitsari da dare, ko ƙishirwa ba ta sakinsa, ko yana ramewa ba dalili, ya je a auna shi da safe kafin ya karya. In an ga 126 ko sama, sai a maimaita wata rana don a tabbatar. Masu tambaya su rubuto a takarda, zan amsa bayan addu'a.