Daga Shagon Sadaka Zuwa Dilar Gwanjo

Yau za mu leƙa Birtaniya ne, inda mai gida kan zazzage durowa ya cika jakunkuna da kayan da ya daina sawa, ya kai su wani shago a bakin titi, ya juya ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Shagunan ƙungiyoyin agaji ne. Ƙungiyar Oxfam ta buɗe nata na farko a titin Broad Street na birnin Oxford a 1947, yau kuwa akwai irinsu wajen 10,000 a ƙasar. Akasarin masu tsaron shagon 'yan sa-kai ne, tsofaffin da suka yi ritaya da ɗalibai. Su ke kwance jaka, su duba wuyan riga da hammata, su ja zif su ga ko yana tafiya, su liƙa farashi. Kuɗin da aka samu ya tafi binciken ciwon zuciya ko daji, ko ciyar da mabukata. Gida ya yi fili, bola ta ragu, mai ƙaramin ƙarfi ya sami kwat mai araha. Har kujerar kushin suna karɓa, amma sai tana ɗauke da takardar shaidar cewa ba ta saurin kama wuta.

To amma fa, jama'a, ba duk abin da aka kai ake sayarwa a wurin ba. Da yawa 'yan kasuwar tsumma ke saye a kan sikeli, su matse shi dila-dila, a loda a jirgin ruwa. Ina ya nufa? Wajenmu. Wani ya bi ta Kwatano ya ɓulla Ƙofar Wambai a Kano, wani ya sauka kasuwar Kantamanto a Accra.

Mu ɗan tsaya a Kantamanto. Ƙungiyar Or Foundation, da ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke zama. Ɗan gwanjo na sayen dila ne a ɗaure, bai san me ke ciki ba sai ya yanke igiya. In ya yi sa'a ya fitar da na farko masu kyau, ya mayar da kuɗinsa. In bai yi ba, ga riga mai tabon mai, ga wando yagagge, ga bashi a wuya. Ragowar ta toshe kwata, ruwan sama ya ja ta zuwa bakin teku.

Wanda ya jefa yagaggen wandon nan a jaka can Landan yana ganin ya yi alheri. Ni a wurina, sharar gidansa kawai ya tura ƙofar wani.

Mu ma ai muna da namu. Kwance muke bayarwa, ko a miƙa wa dillaliya, ko a jira 'yan gwangwan. Sai dai a yawancin gidaje akwai akwatin da ba a buɗe ba tun bayan biki, atamfofi na ta cin ninki har layin ya kode, alhali wanda ya mutu murus shi ake ciro wa almajiri. Hajiya, in kin tashi rage kaya, fara da akwatin nan. Abin da sallah biyu ta wuce ba ki ɗaura ba, ki wanke, ki goge, ki mayar da maɓallin da ya cire, ki ba wadda kika san zai yi mata daidai, ko ki kai gidan marayu bayan kin tambayi abin da suke bukata. Wanda ya yage kuwa, a yanka shi tsumman goge ɗaki, ko a ba mai ɗinkin katifa da matashin kai.