Jawabi: Rufe jami'a lokacin annoba, wa aka kare, wa ya yi hasara?



Ranar 17 ga Maris 2020 shugaba Isufu Mahamadu ya ba da umurnin rufe makarantu da jami'o'i saboda cutar korona, kwana biyu kafin a tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi ta watse, ɗalibai suka ɗaure kaya. Ba na zargin hukuma da mugun nufi. A lokacin gawarwaki ake lissafi a Italiya, kuma a watan Mayu cutar ta ɗauke ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar.

Amma ina yaran suka nufa? Gida. Wani Tsibirin Gobir, wani Jiratawa wajen lambun zogale, wani rumfar mahaifinsa a kasuwa. Korona kuwa an san tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Ke nan an kwashe matasa daga cikin tsaransu, inda haɗarin ke da sauƙi, aka zuba su a zauren kakanni. Kasuwa ba ta daina ci ba, fada ba ta daina dafa shayi ba. Alƙaluman hukuma na ƙasa baki ɗaya ba su kai mutum 10,000 da suka kamu ba, mamata sun ɗan haura 300, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne.

Wasu za su ce hirar ɗakin kwana da layin abinci ba karatu ba ne. Ni ban yarda ba. Can ne ɗan Gobir ke kwana ɗaki ɗaya da Bazabarme da Buzu, can yake koyon gardama ba da faɗa ba, can yake samun abokin da zai kira bayan shekara ashirin. Ku ƴan kasuwa kun san cewa amana ba a koyonta daga nesa. Rufe iyakar Najeriya a 2019 ya nuna muku abin da yankewar hulɗa ke yi. Kuma ku tuna, ɗaliban da suka hau gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka kashe uku daga cikinsu, a irin wannan zama suka ƙulla shawara. Jam'iyyu barkatai daga nan aka kama hanyarsu. Batun karatu ta intanet kuwa, ga wanda wutarsa ke zuwa tana ɗaukewa, magana ce ta fatar baki.

Ba kowace annoba ce korona ba. Sanƙarau yara da matasa yake bi, cunkoson ɗaki lokacin zafi shi ne abincinsa, shi ya sa aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a Afrilu 2015. Kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a 2018 ta ruwa take bi. Maganinta famfo da masai mai tsabta.

Abin da nike roƙo shi ne, in wata ta sake zuwa, a fara tambaya: wa take kashewa, ta wace hanya? Sannan a zauna da likitoci da malamai da ƙungiyar ɗalibai ta USN kafin a sa hannu. In rufewa ta zama dole, a faɗi ranar buɗewa, a biya alawus, a kuma gwada yaran kafin su shiga motar gida.